Labari Kamar Annoba: Yadda Kafofin Sada Zumunta Suka Sauya Aikin Jarida da Talla

A daren Alhamis, 7 ga watan Agusta na shekarar 2014, wayewar garin Juma'a, mutane da yawa a Nijeriya ba su samu barci ba. Saƙo ne ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, cewa kowa ya tashi kafin asuba ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, wai shi ne kariya daga cutar Ebola wadda ta shigo Legas a ranar 20 ga watan Yuli. Ni kaina da tsakar dare wata gwaggona ta kira ni daga ƙauye, ba don ta tambayi ra'ayina a matsayin malamin ilmin halittu ba, a'a, umurni ta ba ni in tashi yara in yi musu wankan. Kafin Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar, aikin gama ya gama. An bayar da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, an kuma kwantar da wasu a asibiti.

Dalilin mutuwar ba ɓoyayye ba ne ga ɗalibin ilmin halittu. Jikin mutum yana riƙe da sinadarin sodiyam na cikin jini a wani ƙayyadadden ma'auni, tsakanin 135 da 145 a awon da likitoci ke amfani da shi. In aka ɗura wa ciki ruwan gishiri mai kauri, sai jini ya fi ƙwayoyin halittar jiki gishiri, ruwa kuwa kullum yakan tsallaka ne zuwa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sai su tsotse, mutum ya ruɗe, ya yi farfaɗiya, mai hawan jini kuma abin ya fi tsananta gare shi. Ita kuwa ƙwayar Ebola a cikin ƙwayoyin halittar jiki take hayayyafa, inda wanka ba ya kaiwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gudun saƙon. Ebola kanta mutum 20 ta kama a Nijeriya, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasar ta kuɓuta. Cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba a wata uku. Maganar gishiri kuwa a dare guda ta karaɗe ƙasa daga bakin teku har iyakar Nijar. Wannan maƙala za ta duba yadda haka ke faruwa, da abin da ya jawo wa sana'o'i biyu waɗanda a da su ke riƙe da ragamar isar da saƙo ga jama'a, wato aikin jarida da talla.

Ƙofar da aka cire

Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, duk labarin da zai kai ga mai karatu sai ya bi ta ƙofa guda. Wakili ya aiko, edita ya tace, maɗaba'a ta buga, mota ko jirgin ƙasa ya kai. Haka abin yake da rediyo, alal misali Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Injin ɗab'i da tashar watsa shirye-shirye abubuwa ne masu tsada, saboda haka masu magana kaɗan ne, masu saurare kuwa miliyoyi. Kada mai karatu ya ɗauka cewa wancan zamani na gaskiya zalla ne. Wanda ya mallaki ƙofa yakan rufe ta ga labarin da bai yi masa daɗi ba, kuma gwamnatocin soja sun san haka sarai. Amma dai akwai wanda za a kama in an yi ƙarya, da sunansa da adireshinsa.

Wayar salula ta zama ruwan dare a Nijeriya bayan shigowarta a 2001. Facebook ya fito a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006 (an sauya masa suna zuwa X a 2023), WhatsApp a 2009, Instagram a 2010. Da waɗannan, kowane mai waya ya zama wakili, edita, kuma mai rarraba jarida a lokaci guda. A ranar 15 ga Janairun 2009, da wani jirgin sama na fasinja ya sauka bisa tilas a kogin Hudson na birnin New York a Amurka, hoton da duniya ta fi sani na mutane tsaye a kan fikafikansa wani fasinjan jirgin ruwa ne ya ɗauka da wayarsa ya sa a Twitter, manyan kafofin labarai suka bi bayansa suna neman izinin amfani da shi. Tun daga nan ɗan jarida ya daina zama na farko a wurin da abu ya faru.

Lissafin yaɗuwa

Masana annoba suna da wata lamba da suke kira adadin haifuwa na cuta. Ma'anarta ita ce, mutum nawa mai cuta guda zai harba, in ya shiga cikin jama'ar da ba su da riga-kafi. Ga ƙyanda, lambar takan kai tsakanin 12 da 18. Ga Ebola a Afirka ta Yamma a 2014, ba ta wuce 2 ba bisa yawancin ƙiyasi. Muhimmin abu shi ne ko lambar ta haura 1 ko ba ta haura ba. Mu ɗauka kowane mutum zai isar wa mutum 2. A zagaye na goma an kai 1,024, a zagaye na ashirin an haura miliyan guda. Amma in kowane mutum 10 za su isar wa mutum 8 kawai, to ko da mutum 100 aka fara, sai su koma 80, sannan 64, sannan 51, abin ya yi ta raguwa, kuma jimillar duk waɗanda za a taɓa ba za ta wuce 500 ba.

Wannan lissafi ya samo asali ne daga aikin Kermack da McKendrick na 1927, inda suka kasa jama'a gida uku: waɗanda cuta za ta iya kamawa, waɗanda ke ɗauke da ita, da waɗanda suka warke ko suka mutu. A 1964 wasu masana lissafi biyu, Daley da Kendall, suka nuna a mujallar Nature cewa ana iya amfani da irin wannan tsari ga jita-jita: akwai wanda bai ji ba, akwai mai yaɗawa, akwai wanda ya ji ya gaji ya yi shiru. Wato tun kafin intanet an gane kamannin.

Abu uku ke ɗaga lambar ko su sauke ta: yawan mutanen da mai ɗauke da abin ke haɗuwa da su, sauƙin tsallakawarsa daga wani zuwa wani, da tsawon lokacin da zai yi yana yaɗawa. Kafofin sada zumunta sun taɓa dukkan ukun. Mai gulma a majalisar ƙofar gida mutum biyar ko shida ke jin sa. Mai waya kuwa yana iya jefa saƙo a zauren WhatsApp mai ɗaukar mutum sama da 1,000. Tsallakawar ba ta bukatar komai sai danna yatsa. Sa'an nan saƙon ba ya mutuwa: hoton haɗarin mota na shekara biyar baya yakan dawo da sabon suna da sabon gari.

A 2018 wasu masu bincike uku na jami'ar MIT a Amurka, Vosoughi da Roy da Aral, suka wallafa wani nazari a mujallar Science. Sun bi sawun labarai kimanin 126,000 waɗanda mutum kusan miliyan 3 suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar cewa damar da labarin ƙarya ke da ita na a sake tura shi ta fi ta labarin gaskiya da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya na ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Da suka cire saƙonnin da na'urori ke turawa da kansu, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne ke wannan aiki. Bayanin da suka bayar shi ne cewa ƙarya ta fi zama sabon abu, ta fi ta da mamaki da tsoro da ƙyama. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin gaskiya a ɗaure take da abin da ya faru, shi kuwa ƙanzon kurege ana iya ƙera shi daidai da kunnen mai saurare.

Akwai kuma wani kamanni. Tun 2005 masana suka tabbatar cewa a cututtuka irin su SARS, mutane ƙalilan ne ke harbar mafi yawan waɗanda suka kamu, saura kuwa da ƙyar suke harbar kowa. Wani nazari da ya fito a Science a 2019 a kan zaɓen Amurka na 2016 ya gano cewa, cikin masu amfani da Twitter da aka bincika, mutum 1 cikin 1,000 ne suka tura kusan kashi 80 cikin 100 na labaran bogi. Duk wanda ke cikin zauren dangi ya san wannan mutum guda, ba sai an faɗi sunansa ba.

Wa ke zaɓen abin da kake gani?

A watan Satumba na 2006 Facebook ya ƙirƙiro shafin da ke jero wa mutum labaran abokansa. Daga baya jerin ya daina bin lokaci, ya koma hannun wani tsarin lissafi na kwamfuta wanda ke auna dubban alamu: me ka tsaya ka kalla, daƙiƙa nawa, me ka yaba, me ka yi wa martani. Abin da ya riƙe ka shi za a ƙara maka. TikTok, wanda ya bazu a duniya daga 2017, ya kai wannan dabara matuƙa, domin shi ba ya ma jiran ka zaɓi abokai.

Ga masanin halittu wannan sanannen al'amari ne. In ka zuba maganin kashe ƙwayoyin bakteriya a faranti mai ɗauke da miliyoyinsu, waɗanda suka jure su ne za su hayayyafa, bayan 'yan kwanaki farantin ya cika da masu juriya. Ba wanda ya shirya haka; ma'aunin da aka sa ne ya tace su. To in ma'aunin da aka sa wa labarai shi ne yawan dannawa da yawan martani, kanun da ke tayar da hankali su ne za su rayu, masu rubutu kuma su koyi yin irinsu ko da ba su yi niyya ba. Richard Dawkins ya kawo irin wannan tunani a littafinsa na 1976, cewa ra'ayoyi ma suna kwafar kansu suna gasar samun wuri a zukatan mutane, ko da yake masana da yawa suna ganin kwatancin nasa ya yi nisa.

Me ya sa kuma hannu ke komawa ga waya ba da son mai ita ba? Tun tsakiyar ƙarni na 20 B. F. Skinner ya nuna cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe zai zo ba, ta fi naci wajen saran maɓalli bisa wadda ake ba kowane lokaci. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya auna ƙwaƙwalwar birai ya ga cewa jijiyoyin da ke fitar da sinadarin dofamin sun fi motsawa in lada ta zo ba zato. Jan allon waya ƙasa don ganin ko wani sabon abu ya shigo ya yi kama da wannan ƙwarai. Sai dai ina jan kunnen ɗalibaina kada su wuce gona da iri: mutum ba tantabara ba ne, kuma masana ba su daidaita ba a kan ko za a kira wannan ɗabi'a jaraba irin ta ƙwaya.

Inda kuɗin jarida suka tafi

Mai karatu da yawa bai san cewa kuɗin da yake biya ya sayi jarida ba su ke riƙe ta ba. Talla ce ke biyan albashi. A Amurka, inda aka fi ajiye lissafi, kuɗin tallar da jaridu suka samu sun kai kusan dala biliyan 49 a 2006. Zuwa 2020, bisa ƙiyasin cibiyar bincike ta Pew, ba su kai biliyan 10 ba. A tsakanin 2008 da 2020 ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun ƙasar sun ragu daga kimanin 71,000 zuwa 31,000. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu sama da dala biliyan 130 daga talla a shekarar 2023 kaɗai, kuma kusan duk kuɗin shigarsa ke nan.

Waɗanda suka fara tafiya su ne masu aikin da ke cin lokaci: wakilin kotu, wakilin ƙaramar hukuma, wakilin kimiyya da lafiya. Labarin da zai ɗauki wata biyu ana bincike ba ya gasa da bidiyon daƙiƙa talatin a wajen dannawa, alhali kuɗinsa ya ninka nasa sau ɗari. A nan ne nake ganin asarar ta fi girma. Kowa na iya ɗaukar hoton gobara, amma gano wanda ya sa hannu a takardar ginin da ba shi da ƙofar tsira sai wanda ake biya ya zauna ya karanta fayil.

Ban ce babu riba ba. Mazauna ƙauyukan da wakili bai taɓa takawa ba yanzu suna nuna wa duniya gadarsu da ta karye. Likitoci da malaman jami'a suna magana da jama'a kai tsaye da Hausa. Wani sabon reshen aikin jarida ma ya tsiro, na tantance labari bayan ya riga ya fita, irin su Africa Check da aka kafa a 2012 da Dubawa a 2018. Ɗan jarida ya tashi daga mai cewa "ga abin da ya faru" ya koma mai cewa "ga wanda ya tabbata cikin abubuwan da kuka ji".

Dillaliya a cikin waya

Mai talla a jarida ko rediyo kamar mai watsa iri ne a fili: ya san wani zai tsiro, bai san wanne ba. Kafofin sada zumunta sun ba shi damar shuka rami-rami. Zai iya cewa a nuna tallarsa ga mata masu shekara 20 zuwa 35 a Kano waɗanda suka nuna sha'awar atamfa, ya kuma ga nawa suka danna. A 2013 masu bincike a Jami'ar Cambridge suka nuna, da bayanan mutum 58,000, cewa daga abubuwan da mutum ya yaba a Facebook kawai ana iya hasashen jinsinsa da addininsa da ra'ayinsa na siyasa. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutanen da yawansu zai iya kai miliyan 87 domin tallar siyasa.

Sauyi na biyu Bahaushe ya riga ya san shi. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙullin kaya ba ingancin kayan kaɗai take sayarwa ba, har da yardar da aka yi mata. Masu ɗimbin mabiya a Instagram da TikTok wannan sana'a suke yi, sai dai gidajen da suke shiga sun kai dubu ɗari. A nan kuma kwatancin annoba ya gaza. Cuta haɗuwa guda ta ishe ta, amma sayen kaya ko sauya ɗabi'a ba haka yake ba. Damon Centola ya nuna a wani gwaji da aka wallafa a 2010 cewa mutum ya fi karɓar sabuwar ɗabi'ar kiwon lafiya in ya gan ta wurin mutane da dama na kusa da shi. Shi ya sa kamfanoni kan raba kuɗinsu ga ƙananan masu mabiya goma a unguwa guda maimakon tauraro ɗaya.

Ga mai ɗinki ko mai turaren wuta da ba ta da kuɗin shago, wannan buɗi ne na gaske. Damuwata tana ga magunguna. Tallar maganin da aka ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya, a kwalbar da ba ta da lambar hukumar NAFDAC, ba za ta wuce teburin edita mai mutunci ba. A waya kuwa ba teburi, kuma mai kallo sau da yawa bai san an biya mai maganar ba. Ƙoda da hanta su ke karɓar sakamakon. Dokar da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a 2022 ta haɗa da tallar intanet, amma bin sawun dubban bidiyoyi a kullum aiki ne da ya fi ƙarfin kowane ofis.

Riga-kafi

In lissafin annoba ya bayyana cutar, zai iya nuna magani. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe-kashe a Indiya, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a Indiya cikin 2018, a duniya baki ɗaya a Janairun 2019. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, ya mayar da saƙon da aka riga aka yi ta turawa zuwa wuri 1 kacal, kamfanin ya ce yawon irin waɗannan saƙonni ya ragu da kashi 70 cikin 100. Ba a karanta saƙon kowa ba, ba a hana kowa magana ba. An rage yawan haɗuwa ne kawai, kamar yadda ake rage cunkoso lokacin annoba.

Hanya ta biyu ta fi kama da allura. Tun farkon shekarun 1960 William McGuire ya nuna cewa in aka gabatar wa mutum da raunanniyar hujjar ƙarya tare da amsarta, yakan fi jure wa mai ƙarfinta in ta zo. Masu bincike a Cambridge sun gina wani wasan kwamfuta a 2018 bisa wannan, inda mai wasa ke koyon dabarun masu ƙirƙirar labarin bogi, gwaje-gwaje kuma sun nuna yana ƙara iya gane su, ko da yake kariyar takan yi rauni da tafiyar lokaci sai an maimaita.

Sai dai rabon wannan kariya ba daidai yake ba. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin 100 na abin da aka ware don tantance labaran ƙarya Amurka aka nufa da shi, sauran duniya ta raba 13. A Janairun 2025 kuma Meta ya sanar da daina aiki da masu tantance labarai masu zaman kansu a Amurka ɗin kanta. Da yawa daga abin da ke yawo tsakanin Hausawa saƙon murya ne, a cikin zaurukan da aka kulle ta yadda ko kamfanin ba ya iya saurare, kuma mai tura shi sau da yawa ɗan'uwa ne da ya tura don yana ƙaunarka, kamar gwaggona a daren gishiri.